An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wa Ke Koya Wa Malaman Fasaha Fasaha?

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni fili a wannan mujalla tamu in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da farko bari in gabatar da kaina don kada wani ya sha wahalar bincike. Ni malamin sakandare ne, na haura shekara 40 a duniya, na kusa shekara 20 ina riƙe da alli, kuma iyakar takardata ita ce difloma a fannin ilimi. Na faɗi haka ne domin na san da zarar wannan rubutu ya fita za a sami mai cewa, shi wane ne da zai sa baki a sha'anin jami'a? Amsata ita ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'a ke dafawa, amma mu ake kawo wa akushin, saboda haka mu ne za mu faɗi ko gishiri ya ji.

Duk taron da muka yi, na karatun wata-wata ne ko na ƙaddamar da littafi, sai an sami mai tashi ya yi kukan cewa yaran yanzu ba sa karatu, ba sa iya rubuta wasiƙa ballantana ƙagaggen labari, ba su san gaɗa ba, ba su san tashe ba, waya ta cinye musu hankali. A tafa masa, a sha lemo, a watse. Ni kuwa a ganina an bar jaki ne ana dukan taiki. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: wa ke koya wa yaron, shi kuma mai koyarwar me aka koya masa? Abin da na gani da idona shi ne, jami'o'inmu da kwalejojin ilimi suna yaye ɗaliban da za su koyar da adabi da zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a makarantu da unguwanni, alhali da yawansu ba su taɓa tsara baiti ɗaya ba, ba su taɓa hawa dandamali ba, hannunsu bai taɓa shiga yumɓu ko ruwan baba ba. An koya musu yadda ake magana a kan fasaha, an manta a koya musu ita kanta fasahar.

Kada mai karatu ya ɗauka shaci-faɗi nake yi. Kowace shekara ana turo mana ɗaliban da ke karatun koyarwa su yi aikin gwaji, waɗanda muke kira 'yan tifi. Wasu su yi mako 6, wasu 12. Da yake ni ke kula da ɓangaren harsuna da fasaha a makarantarmu, a hannuna ake damƙa su. Bari in kawo labarin uku daga cikinsu, ba tare da ambaton sunansu ko na makarantun da suka fito ba, domin ba tozarta kowa na zo yi ba.

Na farko wani saurayi ne natsattse mai ladabi, ɗan aji uku a sashen koyar da Hausa. Na ba shi aji biyu na babbar sakandare ya koyar da rubutacciyar waƙa. Ranar da malaminsa ya zo duba shi, ni ma na zauna a bayan aji. Ya cika allo maƙil: ma'anar waƙa a wajen masana uku, ƙwar biyu har zuwa ƙwar biyar, amsa-amon ciki da na waje, ga sunayen karuruwan da aka aro daga Larabci, su Mutadarik da Mutaƙarab da Ramal da Kamil. Har alamomin gaɓa mai nauyi da marar nauyi ya zana, ba kuskure ko ɗaya. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah a rera mana ko baiti ɗaya ne, mu ji yadda Ramal ɗin yake." Sai na ga gumi ya keto masa. Ya dubi littafinsa, ya dubi allo, ya ce, "Rerawa ba ta cikin tsarin darasin yau." Mai duba shi kuwa ya ba shi maki mai tsoka, domin tsarin darasinsa ya cika: ga manufa, ga gabatarwa, ga matakai, ga auna fahimta, ga kammalawa.

Da aka tashi na ja shi gefe na ce, "Ƙanena, me ya hana ka rera musu?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam, shekara uku ina karanta waƙa, ba wanda ya taɓa ce mini in rera, ba wanda ya taɓa ce mini in rubuta tawa. Feɗewa kawai muke yi." Jama'a, ku ji fa! Mun yaye mahaucin da ya ƙware a fiɗa amma bai taɓa ganin akuya tana tafiya da ƙafarta ba. Alhali kowa ya san rubutacciyar waƙar Hausa don kunne aka yi ta. Imfirajin Aliyu Namangi ta bakin masu rerawa ta shiga zaurukan mutane da kasuwanni kafin yawancinsu su ga littafin, Aƙilu Aliyu kuwa muryarsa aka sani a rediyo tun kafin a karanta Fasaha Aƙiliya. Karin da saurayin nan ya yi minti 40 yana zanawa, da ya rera baiti biyu yana buga tebur da yatsa, da yaran sun kama shi cikin minti 5.

Na biyu an turo shi ne ya koyar da darasin al'adu da fasahar ƙirƙira a ƙaramar sakandare. Darasinsa a kan launuka ne. Ya rubuta wa yara fiye da 80 cewa uwayen launi uku ne, ja da rawaya da shuɗi, idan aka gauraya shuɗi da rawaya a sami kore. Duk wannan da farin alli a kan baƙin allo. Da na tambaye shi ina kayan aiki, ya ce makaranta ba ta ba shi fenti ba, shi kuma ba shi da kuɗin saye. Gaskiyarsa, ba mu ba shi ba. Amma na ce masa, "Ƙanena, ka san karan dafi?" Ya ce a'a. "Gangamau fa?" Ya ce yana jin sunan. "Baba fa, na marina?" Ya yi dariya, ya zaci wasa nake yi. To ga shi da karan dafi dukawa ke fitar da jan fata, da gangamau suke samun rawaya, da baba marina ke fitar da shuɗin da ya kai sunan Kano har bayan hamada. Uwayen launin nan uku duk ana samun su a kasuwar garinmu da kuɗin da bai kai na handawut guda ba. Shekara uku yana karatun koyar da fasaha, ba a taɓa kai shi karofi ya ga yadda ake haɗa baba da toka ba, ba a taɓa zaunar da shi a rumfar baduku ba.

Ta uku yarinya ce, ita ce kuwa ta sa na ɗauki alƙalami. Da ta ga yaran ba sa sauraron ta, sai rannan ta zo da ɗaurin kaba da ciyawa da 'yan ƙullin rini, ta zaunar da su a gindin darbejiya ta fara koya musu saƙar faifai. Daga nan ta nuna musu yadda ake maimaita zane, yadda ake lissafa tazara, yadda launi ke amsa wa launi. Yaran da ke tserewa ta taga suka riƙa zuwa neman ta lokacin tara. Na tambaye ta, "'Yata, a wane kwas aka koya miki wannan?" Ta rufe fuska don kunya ta ce, "Ai Malam kakata ce ta koya mini, don Allah kada ka faɗa." Ranar da aka zo duba ta kuwa, sai ta ɓoye kabar a ofishina, ta koma allo ta rubuta ma'anar sana'a da ire-irenta. Da na yi mata faɗa ta ce, "Malam, takardar ba da maki ba ta da gurbin faifai." Abin da ya fi komai amfani a cikin iliminta shi take ɓoyewa kamar kayan sata, domin tsarin da ya horar da ita ya nuna mata cewa abin da ta gada a gida ba ilimi ba ne.

A nan ya kamata in yi adalci. Ba na cikin masu raina nazari. Ba don irin aikin su Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya da Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau ba, da ni kaina ban san ta inda zan kama adabi in koyar ba. Na kuma san akwai sassan zane da na wasan kwaikwayo da ɗalibansu ke kwana a ɗakin aiki, hannu dumu-dumu da fenti. Sai dai irin waɗannan ba safai suke ƙarewa a aji ba, kuma ko sun zo, an horar da su ne da kayan da babu su a makarantar gwamnati. Wanda aka tanada musamman don aji, wato ɗalibin tsangayar ilimi, shi ne aka raba wa lokaci tsakanin tarihin ilimi da falsafar ilimi da halayyar ɗan'adam da dabarun awo, abin da ya rage a ba shi nazarin fasaha a takarda. In kuma yajin aiki ya cinye zango, kamar na 2020 da na 2022 da kowannensu ya haura wata 7, aikin hannu da fita cikin gari su ake fara yankewa, domin lacca ana iya dunƙule ta a handawut, saƙa kuwa ba ta dunƙuluwa.

Ga kuma wani ƙarin nauyi. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 da aka fara aiki da ita a 2008 ta haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo da sana'o'in hannu a cikin darasi guda. A takarda abin ya yi kyau, domin mu ma a gargajiyance ba mu raba su ba: ɗan tashe shi ke haɗa kayan shigarsa, shi ke kiɗa, shi ke waƙa, shi ke kwaikwayo. Amma malami ɗaya ake ɗora wa duka huɗun, wanda ko ɗaya bai taɓa yi da hannunsa ba. Me zai yi in ba ya koma ga allo ya ce a kwafa ba? Haka darasin da ya kamata ya fi kowanne daɗi ya zama darasin barci.

Wani zai ce ai haka abin yake tun fil azal. Sam, ba haka yake ba. Mu marubuta mun fi kowa sanin cewa malaman makaranta ne suka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. Lokacin gasar da Rupert East ya shirya a 1933, Abubakar Imam malami ne a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a Midil ta Bauchi, Malam Bello Kagara kuwa yana koyarwa a Kwalejin Katsina. Daga hannunsu Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki suka fito. Mu'azu Haɗeja malami ne. Malam Aminu Kano malami ne a Bauchi da Maru, yana rubuta wasanni yana sa ɗalibansa su yi. Shehu Shagari yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu. Waɗannan mutane abin da suke yi da kansu shi suke koyarwa, shi ya sa barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Kai, ko Bature Ɗan Hausa, da ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sai da ya yi sashen sana'a ya ɗauko masu sana'ar gari su koyar. Abin kunya ne a ce ɗan mulkin mallaka ya ga darajar baduku da maƙeri, mu jikokinsu mun kasa gani.

Ita kanta jami'a tana da abin koyi a cikin tarihinta. A 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suka ce ba su yarda a koya musu zanen Turai tsagwaronsa ba, sai an haɗa da abin da suka taras a gidajen iyayensu. Shi Onobrakpeya daga baya ya shafe shekaru yana koyar da zane a wata sakandare a Legas. Haka kuma daga 1975, da aka fara karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin Michael Etherton, an gina dandalin wasan da ƙasa irin ginin gargajiya, kuma aka riƙa fita da ɗalibai zuwa Samaru da Soba da Maska da Bomo, su zauna da manoma su ji damuwarsu, su haɗu su shirya wasa da Hausa a kan abin da ke addabar ƙauyen, a yi shi a dandalin gari, a tattauna. Ɗalibin da ya yi wannan ba zai ji tsoron yara 80 ba. Tambayata ita ce, me ya sa wannan hanya ta tsaya a sassan wasan kwaikwayo, ba ta zama wajibi a kan duk mai shirin koyar da fasaha ba?

Ga wani abin mamakin. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Ladi Kwali, mai ginin tukwane da hotonta ke jikin naira 20, digirin girmamawa a 1977. Ta ba Mamman Shata a 1988, ta ba Aliyu Namangi, Jami'ar Jos kuma ta ba Ɗanmaraya. Madalla, sun cancanta. Ke nan jami'a ta amince da bakinta cewa akwai ilimi a hannun wanda bai zauna a benci ba. To Ladi Kwali ta rasu a 1984, Namangi a 1990, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Magadansu da takwarorinsu da ke raye yau, masu kukuma da gurmi da ƙwarya, masu ɗinkin aska takwas, maginan da suka iya ɗaurin guga da bakan gizo irin na Babban Gwani, wace tsangayar ilimi ce ta ɗauki ɗayansu ya koyar da ɗalibanta zango guda, a biya shi kamar yadda ake biyan malamin wucin gadi? In akwai a nuna mini, in nemi afuwa a wannan shafi. Abin da na sani shi ne ɗalibi ya je da rikoda ko waya ya tatsi tsoho na awa biyu, ya rubuta kundi, ya sami digiri, tsoho ya samu na goro.

Yanzu bari in tari masu ja tun kafin su iso. Na farko za su ce jami'a ba gidan koyon sana'a ba ce, wurin tunani ce. To, ashe likitan da ake sa wa ya kwana a asibiti yana ɗinke rauni ba a jami'a yake ba? Injiniyan da ake turawa masana'anta na watanni fa? Ba wanda zai yarda likitan da bai taɓa riƙe allura ba ya taɓa ɗansa, amma mun yarda malamin waƙar da bai taɓa waƙa ba ya riƙe 'ya'yanmu shekara uku. Bambancin kawai shi ne ɓarnar likita a ranar ake ganin ta, ta malami kuwa sai bayan shekara 20, lokacin da za mu taru muna kukan babu masu karanta littattafanmu.

Na biyu za su ce babu kuɗi. Wannan ita ce mafakar kowa. Na yarda makarantunmu suna cikin talauci, ni da nake ciki na fi kowa sani. Amma kuntigin da Ɗanmaraya ya zaga duniya da shi gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya. Yumɓu a bakin rafi yake, kaba a daji take, tatsuniya ba ta bukatar janareta, wasan kwaikwayo inuwar bishiya ta ishe shi. Kuma mun ga ranar da aka kashe kuɗi: da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sayo injunan koyon sana'a aka rarraba, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda babu wanda ya iya sarrafa su. Ni kaina a firamare na tarar da lokacin aikin hannu, muna tufka igiya muna ɗaure tsintsiya, a kan idona kuma abin ya koma a sayo a kasuwa a kawo, daga nan ya koma a kawo kuɗin kawai. Igiyar ba tsada ta yi ba, malamin da ya iya tufka ne ya yi ritaya.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi, za su ce iyaye ba su kawo 'ya'yansu makaranta don su zama maroƙa ba, kuma kiɗa da wasa suna ɓata tarbiyya. Wannan tsoro ne na gaskiya, ba na yi masa dariya. Amma ina tunatar da mu cewa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilmantar da matan ƙauye. Ta horar da jajis, ta ɗora musu malafa, ta tura su gari-gari suna koya wa 'yan taru waƙoƙin da ake rerawa a haddace. In wannan ba horar da malaman fasaha don aiki cikin al'umma ba ne, to ban san sunansa ba. Sannan mu daina yaudarar kanmu, yaran nan ba su daina ƙirƙira ba. Tun daga Turmin Danya a 1990 matasa suka kafa masana'antar fim ba tare da wata makaranta ta riƙe musu hannu ba, yau kuma ɗalibaina mata suna rubuta labarai shafi-shafi suna watsawa a WhatsApp, mazan suna wasan barkwanci a TikTok. Makaranta ce ta janye hannunta, ta bar su da waya. Mai tsoron lalacewar tarbiyya shi ya fi kowa bukatar malamin da ya iya abin, wanda yaro zai ji maganarsa in ya ce masa wannan layi ya yi, wancan bai dace ba.

Na huɗu za su ce jarrabawa ba ta tambayar rerawa, ma'ana da ire-ire take tambaya. Haka ne, kuma wannan ma abin gyara ne. Amma na jarraba na gani: ajin da na sa su tsara ƙwar biyu da kansu ba sa manta amsa-amo a ɗakin jarrabawa, masu hadda kuwa da an juya tambaya sun ɓace.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Bari in sauko kan namu. Mu tsofaffin malamai, da 'yan tifi sun iso sai mu ɗauka hutu ya zo. Mu miƙa musu rajista da alli, mu koma ofis hira, wasunmu ma su tafi kasuwa. Ni kaina na yi haka a shekarun farko, Allah Ya yafe mini. Ku kuma 'yan'uwa marubuta, ko in ce mu, yaushe rabon da ƙungiyarmu ta aika wa wata tsangayar ilimi takardar gayyata ta ce a turo ɗalibai zaman karatunmu? In za mu ƙaddamar da littafi mun san gidan kowane mai kuɗi a garin nan, amma ba mu san ƙofar kwalejin da ke yaye mutanen da za su sa littafin a hannun yara ba. Malami guda yana iya haɗuwa da yara dubbai kafin ya yi ritaya. Babban mai ƙaddamarwa kuwa kwafi ɗaya zai karɓa, ya ba direba ya jefa a bayan mota.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ga shawarwarina, wanda ya fi ni sani ya gyara.

Na farko, duk ɗalibin da zai koyar da wani reshe na fasaha ya yi zango guda cur a hannun gwani: marini ko baduku ko magini ko mai tukwane ko makaɗi ko sha'iri ko ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ya zauna zaman ɗan koyo, ya yi shara, ya ɗebo ruwa, ya ɓata a gyara masa. Gwanin ya sa hannu a takardar makinsa, kuma a biya shi haƙƙinsa.

Na biyu, kada a ba kowa shaidar koyar da fasaha sai ya ajiye aikin hannunsa tare da kundinsa. Mai adabi ya kawo waƙoƙi ko gajerun labarai na kansa ya karanta a bainar jama'a, mai zane ya baje kolinsa, mai wasa ya hau dandamali. Ba sai ya zama Shata ko Imam ba. Ya dai ɗanɗani wahalar neman kalmar da ta ƙi zuwa, domin ya san abin da yaro ke ji in an ce ya rubuta.

Na uku, a gyara takardar da ake auna 'yan tifi da ita, a yi mata gurbin da ke tambayar me yara suka yi da hannunsu ko bakinsu a wannan darasi. A kuma ware wani ɓangare na lokacin gwajin a yi shi a wajen aji: makarantun dare na manya, ajin matan aure, ƙungiyoyin matasa na unguwa, gidajen marayu.

Na huɗu namu ne, kuma ba ya bukatar izinin kowace hukuma. Kowane reshe na ƙungiyarmu ya buɗe zaman karatunsa ga ɗaliban koyarwa, kowane marubuci da ya wallafa ko littafi ɗaya ya riƙi ɗalibi ɗaya na shekara, ya karanta rubutunsa ya yi masa gyara. Wannan mujalla kuma, Malam Edita, ta ware ko shafi biyu ne a kowace fitowa don ayyukan malamai masu koyo da na ɗalibansu.

Kafin in ajiye alƙalami, saurayin nan na farko, kafin ya koma na sa shi ya tsara ƙwar biyu baiti 10 a kan mahaifiyarsa. Kwana huɗu yana fama. Karin ya karye a wuri uku, muryarsa tana rawa, amma ya tsaya gaban ajin ya rera, yarinyar da ta yi tambayar ita ta fara tafi. Ashe abin yana cikinsa, ba a taɓa nema ba ne. Irinsa nawa muka yaye ba a nema ba?

Na san wannan rubutu ba zai yi wa wasu daɗi ba, musamman malamaina na jami'a waɗanda nake ganin girmansu. Ina ba su haƙuri, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ke da ja, ga fili ga mai doki, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ni kuma a shirye nake in karɓi gyara in an zo da hujja. Allah Ya sa mu gane gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta. Wassalam.